Malaman Turanci, Ku Fara Daga Tashar Illela

Ɗan kasuwar Illela da ya shigo da kaya daga Birnin Ƙonni ba shi ne ke cike takardun kwastan ba. Ejan yake sawa ya yi masa. Wannan bambanci, tsakanin wanda ya yi aiki da wanda ya sa aka yi, shi ne jigon wani darasi da ke kayar da yaranmu a jarrabawar WAEC da NECO. Turanci yana ɗora shi a kan kalmomi huɗu: make idan tilas ce, let idan izini ne, have idan aiki ka bayar, get idan sai da ka lallaba mutum. Get kaɗai ke jan kalmar "to" kafin aikatau na biyu, kuma nan ne maki ke zubewa. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake rubuta ƙa'idar a allo a ce yara su haddace, sai ka ce baƙuwa ce. Alhali yaron da ya san ci da ciyarwa, fita da fitarwa, ya kuma iya cewa "Baba ya sa na ɗebo ruwa", ya riga ya mallaki tunanin tun yana goye. Takwaransa na Ƙonni ma da faire ɗin Faransanci yake wannan aiki. Malamai, ku fara da Hausar yaro da harkar tasha, sannan ku kawo ƙa'idar.