Gidan Jinya Amana Ne: Darasi Daga Anka da Bukkuyum

Gabatarwa

Bahaushe bai saba raba majinyaci da danginsa ba. Tun kaka da kakanni, idan ciwo ya kwantar da mutum ko tsufa ya ci ƙarfinsa, ɗakinsa ne asibitinsa, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta kuwa su ne masu jinyarsa. Wannan ne ya sa sunan gidan gajiyayyu yake da nauyi a kunne, domin ana ganin ba ya karɓar kowa sai wanda ya rasa gata. Sai dai kuma zamani riga ne. A yau akwai lalurorin da ƙaunar dangi kaɗai ba ta isa ta ɗauke su, dole sai an kwantar da mutum makonni ko watanni a hannun waɗanda ba jininsa ba. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, yammacin Jihar Zamfara yana buƙatar gidajen jinya da na farfaɗo da masu lalura, amma buɗe su ba tare da ƙa'ida da sa ido ba ya fi rashinsu haɗari. Hujjar wannan ra'ayi tana cikin abin da ya auku a ƙasar Anka da Bukkuyum.

Annobar Gubar Dalma

A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, suna zagayen bibiyar cutar sanƙarau, sai suka samu labarin mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyuka. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, sai rasuwa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Gwajin jini ne ya tona asirin. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa a inji, a wanke, a shanya a tsakar gida, a wurin da yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Ƙurar ta gauraya da ƙasar gida, ta shiga abinci.

Ƙauyukan da abin ya fi shafa su ne Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, sai 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. An ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka rasu. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gudanar tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu.

Daga watan Yuni na shekarar aka buɗe wuraren kwantar da yaran a babban asibitin Bukkuyum da na Anka. A farkon aikin, yaro da mahaifiyarsa sukan yi kimanin mako huɗu a kwance, ana ba yaron maganin da yake kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Ke nan waɗannan wurare sun wuce asibitin da ake zuwa a karɓi magani a koma gida. Sun zama gidajen zama na wucin gadi, inda ci da sha da kwana da tsaron mutane suka rataya a wuyan ma'aikata. Kafin MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a farkon shekarar 2022, an gwada jinin yara fiye da 8,000, dubbai daga cikinsu sun sha maganin.

Darussa Huɗu

Darasi na farko shi ne, ba a raba yaro da mahaifiyarsa ba. Mai jinya daga cikin dangi shi ne ido na farko a kan majinyaci. Ita uwa ce take fara lura idan ɗanta ya ƙi abinci ko jikinsa ya sake, ita ce kuma za ta ɗaga murya idan an yi sakaci. Duk gidan da ya hana dangi shiga a lokacin da suka ga dama, to a tuhume shi, domin mai gaskiya ba ya tsoron a leƙa ɗakinsa.

Na biyu, an yi aiki da awo da rubutu. Ba a ba yaro wannan magani sai an auna jininsa an ga dalmar ta kai wani mizani, wato maikirogiram 45 a kowace desilita, kuma ana sake awon bayan magani don a san ko an ci gaba ko an koma baya. Wannan ita ce hanya ɗaya tak da za a iya bambance gidan da yake warkarwa da gidan da yake tsare mutane kawai. Inda babu rajistar shiga da fita, babu takardar abin da aka ba majinyaci, babu bayanin dalilin rasuwar wanda ya rasu, to kowace irin ɓarna tana iya faruwa a binne ta.

Na uku, an fahimci cewa magani ba ya amfani idan za a mayar da yaro cikin gubar da ta kwantar da shi. Saboda haka aka gindaya sharaɗin sai an tsabtace ƙauye kafin a fara bai wa yaransa magani: a kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje, a binne ta a rami na musamman, a zuba sabuwa. Ƙauyuka bakwai sun samu wannan aiki tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta yi jira har farkon 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun matsa lamba Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. A tsawon wannan jira, ɗaruruwan yara suna zaune da guba a jikinsu alhali maganin yana Anka. Abin lura a nan shi ne, lafiyar majinyaci ba ta tsaya ga ƙwaya da allura ba. Ta haɗa da ruwan da yake sha, da makewayin da yake shiga, da iskar ɗakin da yake kwana, da kuma gidan da zai koma.

Na huɗu, ba a mayar da kwanciya ta zama manufa ba. Da aka ga yaran suna da yawa, kuma zaman makonni yana raba iyaye mata da sauran 'ya'yansu, sai aka koma kai magani ƙauyuka, aka bar gadon asibiti ga waɗanda ciwonsu ya tsananta. Nagartaccen gidan jinya shi ne wanda tun ranar da ya karɓi mutum yake shirin ranar da zai sallame shi.

Inda Babu Mai Sa Ido

Dalma ba ta tafiya haka nan. Maganin yana ceton rai, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Cikin yaran da suka rayu akwai waɗanda suka makance, da waɗanda gaɓoɓinsu suka shanye, da masu farfaɗiya, da kuma masu yawa waɗanda lalurarsu ba ta fito fili ba sai a aji, inda karatu yake yi musu wuya. Waɗanda suke goye a 2010 yanzu samari ne da 'yammata, iyayen da suke ɗauke da su kuma ƙarfinsu yana raguwa. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama, jama'a suka kwararo garin Anka da sauran manyan garuruwa, ambaliyar watan Agusta na 2024 kuma ta raba dubban mutane da gidajensu a Gummi. Idan gida ya watse, tsoho da naƙasasshe da mai taɓin hankali su ne suke fara rasa madafa.

Idan hukuma ba ta cike wannan giɓi ba, wasu za su cike shi, kuma mun ga yadda suke cikewa. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake kira wurin gyaran tarbiyya, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba aka rufe makamantansa a Daura da Katsina da Zariya. Abin da ya fi ciwo shi ne, akasarin waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko taɓin hankali ya fi ƙarfinsu, ga shi asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware da na Kaduna sun yi musu nisa ko tsada. Ba ƙiyayya ce ta kai su ba, rashin zaɓi ne. Ƙofar da aka rufe, aka hana dangi da hukuma leƙawa, ita ce ta mayar da wurin neman sauƙi ya zama kurkuku.

Kada kuma a ɗauka talauci ne kaɗai yake jawo haka. A zangon farko na annobar korona a 2020, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda cutar ta kashe a Kanada mazauna gidajen kula da tsofaffi ne, kuma bincike ya danganta hakan da cunkoso da ƙarancin ma'aikata. Gini mai kyau bai hana sakaci ba.

Hujjar Masu Ja

Wasu za su ce addini da al'ada sun ɗora kula da iyaye da marasa lafiya a kan dangi, don haka buɗe irin waɗannan gidaje zai koya wa mutane yar da nauyinsu. Wannan tsoro yana da tushe, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Amma abin da aka gani a Anka da Bukkuyum ya nuna ana iya haɗa biyun: ƙwararru suna ba da magani, uwa tana gefen gado. Gidan da muke kira a samar mataimakin dangi ne, ba magajinsu ba. Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Gaskiya ne gini yana cin kuɗi, amma rajista da ziyarar bazata da buɗe ƙofa ga dangi ba su cin komai sai niyya. Doka ma tana nan. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare masu lalurar daga azabtarwa da wulaƙanci. Kafin ta, a 2019, an sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Saboda haka ya kamata kowane gida da yake kwantar da mutane, na gwamnati ne ko na malami ko na mai maganin gargajiya, ya yi rajista da ma'aikatar lafiya. A kafa kwamitin duba gari a kowace ƙaramar hukuma, wanda zai ƙunshi ma'aikacin lafiya da wakilin masarauta da limami da mace aƙalla ɗaya, yana kai ziyara ba tare da sanarwa ba, yana ganawa da majinyata a keɓe. A hana mari da duka da horon yunwa baki ɗaya. A raba ɗakin maza da na mata, na yara da na manya.

Rawar Malami

Ɗalibin da yake shirin zama malami zai iya tambayar ina ruwansa da wannan batu. Amsa ita ce, a ƙauye malami ne ma'aikacin gwamnati da ya fi kowa kusa da yara. Shi zai fara ganin yaron da ba ya riƙe karatu, ko mai yawan fushi, ko wanda ba ya ji sosai. Idan ya kira shi daƙiƙi ya ɗauko bulala, ya buɗe hanyar da takan ƙare a gidan mari. Idan kuwa ya tambayi tarihin yaron, ya zauna da iyayensa, ya tura su asibiti, to ya toshe ta. Shi ne kuma zai gargaɗi iyaye kada a kawo dutsen haƙa cikin gida, kuma idan ɗalibi ya ɓace daga aji aka ce an kai shi gyaran hali, shi ne zai tambayi ina aka kai shi, wa ya gan shi.

Kammalawa

Majinyacin da aka kwantar ya miƙa abincinsa da barcinsa da mutuncinsa ga wasu, sau da yawa ba ya iya kai ƙara ko gudu. Abin da aka yi a asibitocin Anka da Bukkuyum ya tabbatar da cewa ana iya riƙe wannan amana ko a cikin ƙauye, matuƙar akwai dangi a kusa, da awo, da rubutu, da tsabtar muhalli. Abin da aka gani a Rigasa ya nuna makomar amanar idan aka rufe ƙofa. Wajibi ne hukuma da masarautu da malamai su tabbatar an shimfiɗa ƙa'ida tun kafin a aza tubalin gini, domin rigakafi ya fi magani.