Raddi ga masu raina matuƙin jirgin kaya

A wani ɗaurin aure da na halarta a Jega bayan ƙaramar sallar da ta wuce, na zauna kusa da wani dattijo mutumin Maiyama, manomin albasa kuma ɗan kasuwarta. Hira ta kai mu ga ɗan ƙanensa, wanda ya gama koyon tuƙin jirgin sama, ya karɓi lasisi, ya shafe shekara biyu yana yawo da takardu daga wannan kamfani zuwa wancan. Daga ƙarshe wani kamfanin dakon kaya ya kira shi a matsayin mataimakin matuƙi. Dangi suka zauna, suka ce ya dakata har jirgin fasinja ya samu. Dattijon ya gyara zaman hularsa ya ce mini: "Ɗana, fadamar da munka saida, don ya zan kyaftin munka saida ta. In dakon kaya na, ai ga tireloli nan tashar Jega. Mi yak kai mu Zariya?"

Na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, Baba," na yi shiru, domin wurin biki ba wurin jayayya da manya ba ne. Amsar da na haɗiye ranar ita ce wannan. Ba dattijon kaɗai nake nufi ba, domin na sha jin irin maganarsa daga bakin likitoci da lauyoyi da malaman jami'a. Hana matashi kujerar jirgin kaya don a jira ta jirgin fasinja kuskure ne, kuma tushensa son a gani. Yana iya kashe sana'ar da aka sayar da gona domin ta.

Lasisi ɗaya, jirgi ɗaya

Babu wani lasisi na daban da ake kira na matuƙin kaya. Wanda ya fito daga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, ko makarantar Ilori, ko wata a Afirka ta Kudu, da lasisin tuƙin kasuwanci yake fitowa, yana da awoyin tashi wajen 200. Kafin ya sami babban lasisin da ke ba shi damar zama kyaftin na babban jirgi, ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda hukumar NCAA ta Nijeriya ke bi, tana neman awa 1,500. Tsakanin 200 da 1,500 nan ne matasanmu ke maƙalewa. Kamfanoni na neman mai ƙwarewa, ƙwarewa kuwa sai an hau jirgi ake samunta.

Littafin da matuƙi ke rubuta awoyinsa yana tambayar irin jirgin da ya tuƙa, da tsawon tafiyar, da dare ne ko rana, da matsayinsa a ɗakin tuƙi. Awa ɗaya a Boeing 737 awa ɗaya ce, ko alhazai ne a baya ko kwalayen magani. Da yawa daga jiragen kayan ma tsofaffin jiragen fasinja ne da aka cire wa kujeru, aka ƙarfafa daɓensu, aka yanka musu babbar ƙofa a gefe. Ɗakin tuƙin bai canza ba. Kwas ɗin ƙwarewa a kan irin jirgin, wanda ke cin dalolin da suka fi ƙarfin yawancin iyalai, shi ne dai a duka ɓangarorin.

Jiran kuma ba kyauta ba ne. Shaidar lafiyar matuƙi tana ƙarewa, sai an sabunta. Gwajin ƙwarewa yana da wa'adi, sai an sake shiga na'urar kwaikwayon tuƙi an biya. Hannu yana mantuwa. Duk shekara makarantu na yaye sababbi, kuma kamfani zai fifita wanda ya sauka daga jirgi jiya a kan wanda ya yi shekara uku yana jiran kira a Maiyama. Ga kuma iyakar shekara 65 da ICAO ta sa wa matuƙan jiragen kasuwanci na ƙasa da ƙasa, don haka duk shekarar da aka ɓata a farko, daga ƙarshen aikin aka yanke ta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wane ne ya fi daɗewa a sama?

Masu fifita jirgin fasinja kan ce shi ne aiki mai tabbas. Ina roƙonsu su ƙirga da yatsunsu. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, ma'aikatansa suka shafe fiye da shekara goma suna bin haƙƙoƙinsu. Ina Okada? Ina Albarka, Bellview, Sosoliso, ADC? Ina Chanchangi na Kaduna? Air Nigeria ya rufe a 2012. Arik, wanda ya taɓa zama mafi girma a ƙasar nan, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2017 saboda bashi. Kamfanin fasinja a Nijeriya yana sayar da tikiti da naira, yana biyan hayar jirgi da inshora da kayan gyara da dala. Duk lokacin da naira ta faɗi, numfashinsa ya ragu, kuma albashin ma'aikata na cikin abin da ke fara jin jiki.

Kamfanonin kaya ma suna mutuwa, ba na musun haka. Amma 2020 ta nuna wane reshe ne ya fi jure iska. A watan Maris na shekarar Nijeriya ta rufe filayen jiragenta saboda annobar korona, jiragen cikin gida ba su dawo ba sai Yuli, na waje sai Satumba. Ƙasashe da yawa ma haka suka yi. Matuƙan fasinja suka koma gida, wasu da rabin albashi, wasu babu ko kwabo. Jiragen kaya ba su tsaya ba. Ethiopian Airlines, kamfani mafi girma a Afirka, ya cire kujerun jiragen fasinjansa fiye da 20 ya loda musu kayan asibiti, kuma da wannan dako ya ƙetare shekarar da ta durƙusar da takwarorinsa. Kyaftin ɗin da suka saba gaishe da fasinja da lasifika suka koma dakon kwali, suna godiya.

Ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta daɗe tana bayyana cewa kayan da ake ɗauka ta sama ba su kai kashi 1 cikin 100 na yawan kayan cinikin duniya ba, amma darajarsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku. A Amurka, matuƙan FedEx da UPS suna cikin waɗanda suka fi kowa albashi a sana'ar. Kuma ga abin da ya kamata ya tsaya wa mai alfahari da jambo a rai: Boeing 747, jirgin da Kabo da Max Air suka yi shekaru suna kai iyayenmu Saudiyya da shi, na ƙarshe da aka ƙera a duniya na kaya ne, aka miƙa shi ga kamfanin Atlas Air a Janairun 2023.

Abin da ke gaskiya a cikin tsoronsu

Akwai hujjoji na ƙwarai a kan aikin kaya, kuma abin mamaki, ba su ne dangi ke kawowa ba. Na farko, aikin dare ne. Kaya na tafiya lokacin da mutane ke barci domin su isa da safe, shi ya sa manyan cibiyoyin FedEx a Memfis, da UPS a Luwisbil, da DHL a Laifzig ta Jamus suke raya dare. Jikin ɗan Adam ba ya son haka. Binciken hatsarin jirgin UPS a Alabama a 2013, da asuba, ya ambaci gajiya cikin abubuwan da suka taimaka. Sabuwar dokar hutun matuƙa da Amurka ta fara aiki da ita a 2014 ma ba ta tilasta wa kamfanonin kaya bin ta ba, abin da matuƙansu ke ta ƙorafi a kai.

Na biyu, kaya na da nasa haɗarin. A Disambar 1994 jirgin kaya na Nigeria Airways, ƙirar Boeing 707, ya taso daga Jidda zuwa Kano, hayaƙi ya tashi daga cikin kayan, ya faɗi a yankin Kiri Kasamma ta ƙasar Haɗeja. A 2010 gobarar da ta fara daga kayan da ke ɗauke da batura ta kayar da jirgin UPS a Dubai. A 2013 motocin soja da ba a ɗaure da kyau ba suka zame a cikin wani 747 yana tashi daga Bagram ta Afganistan. Na uku, guraben kaɗan ne a gida. In ka cire Allied Air na Legas da 'yan tsiraru, yawancin kayan da ke shigowa Nijeriya ta sama jiragen waje ne ke kawo su, wasu kuma a cikin tumbin jiragen fasinja.

Duk waɗannan dalilai ne na yin bincike kafin sa hannu. Ba ko ɗaya cikinsu da ke cewa aikin ƙasƙantacce ne. Hasali ma suna nuna akasin haka: mutumin da zai duba takardar nauyi, ya tabbatar an ɗaure kaya, ya san abin da ke cikin kowane kwali mai haɗari, ya sauka da ƙarfe uku na dare, ba ƙaramin matuƙi ba ne. Mai cewa ba ya ɗauke da amanar rayuka ya tuna Akara a Yunin 2012, inda jirgin kaya ya zarce titin sauka ya afka wa motar haya, mutanen da ba su taɓa sayen tikiti ba suka rasa rayukansu. Amanar matuƙi ta haɗa da duk wanda ke ƙarƙashin fiffikensa.

Jikokin fatake na raina dako

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne inda rainin ke fitowa. Jega ta yi suna tun ƙarni na 19 a matsayin babbar kasuwa a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Mutumin da ake girmamawa a ayari shi ne madugu uban tafiya, kuma aikinsa ya kai dukiyar mutane lafiya ya dawo da riba. Ba wanda ya taɓa ce masa ɗan dako. A yau ma arzikin Aliero da Maiyama a bayan tirela yake tafiya, buhunan albasa zuwa kudancin ƙasar nan da ƙetaren iyaka. Kuɗin da aka biya wa yaron nan makarantar tuƙi daga dako suka fito. Ana cin moriyar ganga ana yada kwaurenta.

Ba zan ruɗi kowa da cewa albasar Aliero za ta hau jirgi ba. Kuɗin ɗaukar kilo ɗaya ta sama ya fi kuɗin albasar. Abin da ke hawa jirgi shi ne mai tsada ko mai gaggawa: magani, allurar riga-kafi, wayoyi, kayan gyaran injina, da furannin da Kenya da Habasha ke aikawa Turai. Matashinmu in ya shiga wannan aiki, Legas zai zauna, ko Adis Ababa, ko Doha. To amma matuƙin fasinja ma ba a Birnin Kebbi zai zauna ba. Mafarkin da dangi ke yi, na ranar da ɗansu zai sauko da hula da igiyoyin kafaɗa a filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa alhazan gari na kallo, mafarkin rana ɗaya ne a shekara, in ma ya tabbata. Jigilar alhazai aikin 'yan makonni ne. Tun bayan harin 2001 a Amurka kuma ƙofar ɗakin tuƙi a kulle take, fasinja muryar kyaftin kawai yake ji. Saboda wannan murya ake so matashi ya zauna ba aiki.

Wani zai ce ɗaukar alhazai akwai lada. Ban musa ba. Amma wanda ya kawo maganin da ya ceci mai naƙuda a asibitin ƙauye, bai dawo hannu wofi ba.

Tambayoyin da suka kamata

In dangi za su zauna a kan irin wannan tayi, ga abin da ya cancanci zamansu. Wane irin jirgi ne, kuma ƙwarewa a kansa za ta yi amfani a wasu kamfanoni? Wa zai biya kuɗin kwas ɗin, kuma in kamfani ne, shekara nawa zai ɗaure yaron da yarjejeniya, nawa zai biya in ya tafi kafin lokaci? Awa nawa matuƙan kamfanin ke tashi a wata? Ana biyan albashi a kan lokaci, kuma da wane kuɗi? Yaya suke bin dokar hutu, kuma ina suke kai jiragensu gyara? A nemi matuƙin da ya taɓa aiki a wurin a tambaye shi. In kamfanin fasinja ya amsa waɗannan tambayoyi fiye da na kaya, a tafi can ba tare da jinkiri ba. Wanda ya tara awa dubu biyu ko uku a jirgin kaya, in ya ga dare ya ishe shi ko iyali sun yi nauyi, ƙofar fasinja a buɗe take gare shi, kuma da daraja zai shiga.

Ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da ke kallon wannan sana'a, da iyayen da ke shirin sayar da kadara dominta: ku yanke shawara tun yanzu cewa kujerar farko da ta samu a kamfani mai kiyaye ƙa'ida, ita za a hau. Shi kuwa yaron Maiyama, labarin ƙarshe da na ji shi ne yana taya baffansa lissafin buhuna a kasuwa, shaidar lafiyarsa ta kusa ƙarewa. In wannan rubutu ya isa hannun wani daga danginsa, ina roƙo a sake zama, a bar shi ya kira kamfanin nan ya ji ko gurbin na nan.