Sharhi: Tsaftar Gari Daga Bakin Murhu Take Farawa



Duk shekara idan ruwan watan Agusta ya kankama, kuka ɗaya ake yi a unguwannin Kano da Zariya da Maraɗi: kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakuna, katangar ƙasa ta zube. Idan aka zo yasar magudanan, baƙar leda da ledar fiya wata ake tsamowa, kuma daga gidajenmu suka fito. Jihar Kano ta ware Asabar ɗin ƙarshen wata domin tsaftar muhalli. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda da sayar da ita tun 2014. Amma aikin safiya ɗaya ba zai kwashe sharar kwana talatin ba, doka kuma ba ta leƙa madafin kowa.

Gyaran yana cikin gida, kuma ba ya cin kuɗi. Mafi yawan abin da muke kira shara mai ruɓewa ne: ɓawon albasa da na dankali, ƙaiƙayi, busasshen ganye, kashin kaji da na awaki, da tokar murhu. Wannan duk taki ne. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna ɗibar takin gari a mangalar jakuna zuwa gona, shi ya sa suke noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da ƙasar ta gaji ba. A haƙa ɗan rami a kusurwar gida, a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa, ana yayyafa ruwa. Ban da nama da maiƙo, don kada a gayyato ɓera. Cikin 'yan watanni an samu takin da zai ciyar da zogale da alayyahu da yakuwa.

Ruwan alwala da na wankin shinkafa kuwa, maimakon ya kwanta a tsakar gida, a juye shi a gindin shuka. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, kuma mako ɗaya zuwa biyu ya ishe shi ya fito da fiffike. Tsohuwar taya, fasasshiyar randa da gwangwanin tumatir duk gidajensa ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Kife gwangwani ya fi kwanan asibiti arha.

Saura leda. Iyayenmu da kwando suke zuwa cefane, da kwano ake aiken yaro sayen koko da ƙosai. Mu koma ga wannan. Wadda ta riga ta shigo, a tara ta a buhu guda. Kada a ƙona ta, hayaƙinta guba ne ga ƙirjin yara. Kada a watsar, akuya na haɗiye ta ta toshe mata ciki. Robobi da ƙarafa kuwa, 'yan gwangwan na saye da kuɗi.

Malam maigida, wannan ba aikin uwargida ita kaɗai ba ne. Haƙa ramin da yashe kwatar ƙofar gida naka ne, yara kuma abin da suka gani shi za su ɗauka. Muna kira ga masu unguwanni da limamai su riƙa tunatar da jama'a tun kafin hadari ya haɗu. Tsafta cikon addini ce. Kowa ya gyara ƙofar gidansa, gari zai gyaru.