Layin dogon Kwatano zuwa Yamai: har yau bai wuce Parakou ba

Tun 1959 Nijar da Benin (Dahomey a lokacin) suka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa, wadda aka fi sani da OCBN. Amma layin nata bai taɓa shiga Nijar ba. Daga Kwatano, a Parakou yake tsayawa bayan kilomita 438, inda a da ake sauke kaya, a sake loda su a manyan motoci zuwa Gaya. Kuɗin lodi biyun nan, mai saye ne ke biya a lokacin.

Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso, aka ƙaddamar a 2016, sai shari'a a Benin ta hana haɗe ɓangarorin. Rufe iyakar bayan juyin mulkin 2023 kuwa ya ƙara jingine maganar.