Waiwaye: Wa ya leƙa Yekini bayan an tashi daga fili?

Dattawan unguwar Sabo ta Badun da suka yi kallon ƙwallo a filin Liberty farkon shekarun 1980 har gobe suna ba da labarin wani dogon saurayi da ƙungiyar Shooting Stars ta ɗauko daga Kaduna. A can aka haife shi a 1963, a can kuma ya fara taka leda da ƙungiyar masaƙar UNTL. Sunansa Rashidi Yekini. Da shi Shooting Stars ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta ɗauke kofin. Daga nan sai Abiola Babes, sai Abidjan, sai Setubal ta ƙasar Fotugal. A 1993 ya zama ɗan Najeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasarsa.

Wadda kowa ya riƙe ita ce ta watan Yunin 1994 a Amurka. Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta ragar Bulgeriya, ya bi ta ciki, ya zura hannuwa biyu ta ramukan raga ya dunƙule su, baki buɗe yana ihu. Ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya.

Da ƙarfi ya ƙare, Badun ya dawo ya zauna. Ya janye jikinsa daga mutane. Akan gan shi yana atisaye shi kaɗai. Jaridu suka riƙa rubuta cewa yana fama da damuwa da larurar ƙwaƙwalwa, wasu na kusa da shi suka musanta. Ranar 4 ga Mayun 2012 ya rasu yana da shekara 48, aka kai shi garin Ira a jihar Kwara aka rufe. Allah Ya jiƙansa. Abin da ke damuna shi ne, a duk tsawon shekarun nan da ake ta jita-jita a kansa, babu wani ofishi a ƙasar nan da aikinsa ne ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohon ɗan wasa da likita a gefe, ya tambaye shi lafiya, kuma ya rufa masa asiri.

Gidajen da gwamnati ta yi wa 'yan wasan 1994 alkawari saboda kofin Afirka da suka ciyo a Tunisiya, sai a 2021 aka amince a ba da mafi yawansu. Kafin lokacin ƙasa ta rufe idon Yekini, da Uche Okafor, da Thompson Oliha, da Wilfred Agbonavbare, da kyaftin ɗinsu Stephen Keshi. Christian Chukwu, wanda ya ɗaga kofin Afirka a 1980, da ciwo ya kwantar da shi a 2019 sai da attajiri Femi Otedola ya ba da dala dubu 50 aka fita da shi Landan. Allah Ya saka masa da alheri. Amma fa wannan sa'a ce, kuma mai suna kaɗai take samu. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙaramar ƙungiya da karyayyar gwiwa da bashin albashi, wane attajiri ne ya san da zamansa?

A Amurka akwai wasan da suke kira besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki ana zagaya fili da gudu. Ba wasanmu ba ne, amma yadda suke riƙon 'yan wasansu abin dubawa ne. Tun 1947 suka kafa asusun fansho, suka riƙa zuba masa kuɗi daga abin da manyan wasanninsu ke kawowa. A 1966 'yan wasan suka ɗauko Marvin Miller, masanin harkar ƙwadago, ya jagoranci ƙungiyarsu, suka koyi zama da masu kulob a teburi ɗaya, har da yajin aiki idan ta kama. Yau kwana 43 a babbar gasar ya isa mutum ya shiga layin masu fansho. A 1986 kuma aka kafa wata gidauniya ta musamman don tsofaffin 'yan wasa da ma'aikatan da duniya ta juya wa baya. Tana biyan kuɗin asibiti da na haya, tana kai mai shaye-shaye wurin magani, kuma ba ta bayyana sunan wanda ta taimaka wa. Wannan rufin asirin shi ya fi burge ni, domin mutumin da dubban jama'a suka taɓa yi wa tafi ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi yana roƙo a talabijin. A Ingila ma Tony Adams, tsohon kyaftin ɗin Arsenal da ya yi fama da giya, ya buɗe asibitin kula da 'yan wasa a shekarar 2000.

Mu mutanen Sabo da Akinyele a nan Badun bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tun zamanin kakanni, falken da ya sauko da shanu ko ya zo sayen goro yana da mai gida. Mai gida ke ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan an ci bashinsa, ya yi jinyarsa idan ya kwanta. Daga la'adar ciniki ake yin duk wannan, shi ya sa ba a kiran sa sadaka, kuma falke ba ya jin kunyar karɓa. Harkar ƙwallonmu ce ta tara dillalai ba ta da mai gida. Ana cin la'ada a kan yaro ranar da aka sayar da shi, ranar da ya ji rauni kuwa sai a kashe waya.

Gyaran ba zai sauko daga Abuja ba sai masu wasa sun nema da baki ɗaya tun suna da ƙarfi. A ware wani kaso daga kuɗin ƙofa da na sayar da ɗan wasa zuwa asusun da su 'yan wasan ke da wakilai a cikinsa. Kowace ƙungiya ta sami likitan da yaro zai iya faɗa wa abin da ke cin ransa ba tare da maganar ta kai kunnen koci ba.

Iyaye kuma, idan wani ya zo ɗaukar ɗanku daga filin unguwa da alkawarin Turai, kafin ku tambayi nawa za a ba shi, ku tambayi wa zai biya asibiti idan ƙafa ta karye, kuma ku ce a rubuta muku a takarda.