Gulbi ɗaya ne, a yi masa lissafi ɗaya

Ƴan'uwa manoma, ruwan da ke cikin rijiyar fadama a Gidan Rumji ba duka a nan sama ta zubo shi ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake ce masa Gada. Ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa da Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima. Gulbin Kaba ma daga kudu yake zuwa, ya bi ta Gazawa, sai dai shi yawancin ruwansa ƙarƙashin rairayi yake. Saboda haka abin da na sama ya yi wa ruwa, na ƙasa ne ke ganinsa.

Tun da aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, gulbin Maraɗi ya sake hali. Ambaliyar da ta kan shayar da fadama, ta kawo laka, ta cika rijiyoyi, ta ragu. A ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwa bisa adalci, kuma gulbin Maraɗi na ciki. To amma yaya za a raba abin da ba a auna ba?

Masana suna da dabarar lissafi da kwamfuta. Sukan yanka duk ƙasar da ke zuba ruwa cikin gulbi gunduwa-gunduwa. Kowane yanki a faɗi irin ƙasarsa, jigawa ce ko geza ko laka, da gangarensa, da itatuwan da ke kansa. Sai a ba na'urar ruwan saman kowace rana. Ita kuwa ta fitar da wanda ya nutse, da wanda rana da tsirrai suka sha, da wanda ya gudu, da yawan ƙasar da ya kwasa. Ku duba girman abin: milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ce, wato duro 50. Daminar milimita 500 kuwa duro 25,000 ke nan a hekta guda. Jigawa na shanye kusan duk rabonta. Fako kuwa sai ya tura shi gaba, ya haƙa kwazazzabai, ya binne gonar wani da yashi.

Amfanin lissafin shi ne ana iya yi masa tambaya kafin a kashe kuɗi. In aka datse wannan ƙorama, wane gari zai samu, wane zai rasa? In aka yi rabin wata a wancan fako, yashi nawa zai fasa sauka fadama? Mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye sun daɗe da nuna cewa sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a gona, yana riƙe ƙasa. Lissafi zai iya gwada mana inda aikin ya fi gaggawa.

Ina goyon bayan wannan dabara, amma da sharaɗi. Kwamfuta ba boka ba ce, abin da aka zuba mata shi take niƙawa. Kowa ya san hadari kan yi wa wannan gari ruwa ya tsallake na gaba, alhali ma'aunan ruwan sama ba su wadata ba. Hoton tauraron ɗan adam kuma ba ya leƙa rijiya. Wanda ya koyi rubuta lamba zai iya cike wannan giɓi: ma'auni ɗaya a gari, da littafi, da igiya mai ƙulli da za a riƙa zura wa rijiya ɗaya a farkon kowane wata. Bayan shekara biyar, littafin nan ya zama hujja a gaban kowace hukuma.

Su kuma masana na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, in sun karɓi lambobinmu, su dawo mana da sakamako cikin Hausa, a gaban maigari, manoma da makiyaya da mata masu lambu suna zaune. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, ita ma ta sa a riƙa shelar ranar da za a saki ruwan Jibiya a gidajen rediyo, tun kafin mai lambu ya dasa albasarsa a bakin gulbi.