Masu "hmmm" da ke yanke wa salularmu hukunci

Duk lokacin da muka buɗe wani shafi a salula muka ga https a farkon adireshi, akwai kwaɗon da ke kulle abin da ke wucewa tsakaninmu da shafin. Sunansa TLS. Ba gwamnati ta ƙera shi ba, ba kuma kampani guda ba. Aikin IETF ne, taron injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet tun 1986.

Mutanen nan ba su da katin zama mamba, kuma ba su jefa ƙuri'a. Dalilinsu shi ne in ana ƙirga hannu, kampanin da ya fi kuɗi sai ya ciko ɗaki da ma'aikatansa ya lashe. Shi ya sa a baya suka daɗe suna bin wata al'ada: shugaban kwamiti ya yi tambaya, masu goyon baya su yi "hmmm" da baki rufe, sannan masu adawa su yi nasu. Shugaba ya saurara, ya faɗi ko an daidaita. Abin dariya ne a ji, amma ku dubi abin da ya taɓa fitowa daga ciki.

Lokacin da ake tsara TLS 1.3, an cire tsohuwar hanyar da ke ba mai riƙe da makulli guda damar buɗe duk saƙonnin da suka wuce. A sabon tsari, kowace haɗuwa da makullinta, an gama a jefar. A 2016 wakilan manyan bankunan Amurka suka ce a dakata: su da wannan tsohuwar hanya suke sa ido cikin na'urorinsu don gano matsala da ɓarayi. Suka nemi a bar musu ƙofa. Wasu injiniyoyi suka ce ƙofar da aka bar wa banki yau, gobe ɗan leƙen asiri zai bi ta. Kuma ba a manta da tonon asirin Edward Snowden na 2013 ba.

An kai maganar taron Prag a Yulin 2017, aka yi "hmmm", ɗaki ya rabu kusan biyu. Aka sake kawo ta da sabon salo a Landan cikin Maris 2018, nan ma ba a daidaita ba. TLS 1.3 ya fito a Agustan 2018 babu ƙofar. Masu son ta suka nufi ETSI, wata hukumar ƙa'idoji ta Turai, aka rubuta musu nasu.

Mu dai muna ganin an yi daidai, kuma mu ne muka ci riba. Amma kada daɗin sakamako ya rufe mana ido. Wa ya auna ƙarar "hmmm"? Mutum ne, da kunnensa da ra'ayinsa. Nan rigimar take, kuma har yau ba ta ƙare ba. Wanda aka kayar yakan ce ba a saurare shi ba. Shugabanni su ce an ji shi, ba a dai bi shi ba ne.

IETF ɗin ta san da wannan. A 2014 Pete Resnick ya rubuta wata takarda, RFC 7282, inda ya bayyana cewa daidaito ba yawan baki ba ne. Ko mutum ƙalilan ne suka kawo hujja ta fasaha, sai an dube ta an ba ta amsa kafin a wuce, ko da ba za a bi ta ba. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar ƙara: shugabannin kwamiti, daraktan sashe, majalisar IESG, sannan IAB. Ana zargin hanyar da jan lokaci, wasu ma suna amfani da ita don gajiyar da mutane. Duk da haka, gara jinkiri da a rufe wa mai hujja baki don ya cika surutu.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ba ya ɗakin ba ya "hmmm". Sau uku a shekara suke babban taro, da Ingilishi, galibi a Turai, Arewacin Amurka da Asiya. Mai rezo da ke yankewa da tsohuwar salula a Tasawa ko Madawa, wa ke tuna da shi in ana tsara ƙa'ida? Ƙofa kuwa a buɗe take, ana iya shiga daga nesa.

Don haka kiranmu ga ɗaliban kwamfuta na jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da injiniyoyin kampanonin sadarwarmu: ku zaɓi kwamiti guda, ku karanta, ku bi muhawara, ranar da kuka ga abin da zai cuci mai ƙaramin rezo ku faɗa da hujja. Ƙa'idarsu ta ce sai an amsa muku. Allah ya sa mu dace.